Yadda Ake Gyaran Gashin Karen Samoyed, Daga Taza Zuwa Busarwa

Wanda ya fara ganin karen Samoyed a hoto, abin da ke kama idonsa shi ne farin gashin nan da ya tashi buzu-buzu kamar an juye wa kare buhun auduga, sai kuma bakin nan mai kama da na mai murmushi. Hoto ba ya nuna abin da ke ƙarƙashi. Ka tura yatsunka cikin gashin wuyansa, za su nutse har gaɓa ta biyu ko ta uku ba ka taɓa fata ba. To, a can ƙasan aikin yake. Kare zai iya fitowa fes daga sama, jama'a suna ta yaba shi a hanya, alhali gashin da ke manne da fatarsa ya dunƙule ya koma kamar tabarma, iska ba ta shiga, danshi ba ya fita. Duk abin da zan faɗa a nan ma'auninsa ɗaya ne: mataji ya kai ga fata, ko a sama ya tsaya?

Inda gashin ya samo asali

Sunan karen na mutane ne. Samoyed tsohon suna ne da aka riƙa kiran wasu ƙabilun arewa maso yammacin Saiberiya, a ƙasar Rasha, da shi, cikinsu har da Nenets, makiyayan da ke yawo da garken barewar ƙasashen ƙanƙara mai manyan ƙahoni. A yankinsu sanyi kan wuce digiri 40 ƙasa da sifili. Karen yakan taya su kiwo, ya yi gadi, wani lokaci ya ja musu amalanke marar taya da ke sulɓi a kan ƙanƙara, da dare kuma ya kwana cikin tanti tare da iyali, ana jin ɗuminsa. A shekarar 1889 wani Bature mai suna Ernest Kilburn-Scott ya kai ɗan kwikwiyo ɗaya Ingila, kuma shi da iyalinsa suna cikin waɗanda suka kafa kiwon irin a can. Fridtjof Nansen ɗan ƙasar Norwe ya tafi da karnukan Saiberiya a tafiyar da ya fara a 1893 zuwa ƙuryar arewacin duniya. A Amurka kuwa, babbar ƙungiyar rajistar karnuka ta ƙasar ta karɓi irin a 1906.

Wannan tarihin yana da amfani ga mai riƙe da mataji. Karen da ya yi ɗaruruwan shekaru yana kwana jikin mutane ba ya son kaɗaici. Ka bar shi shi kaɗai wuni guda, zai cika unguwa da haushi da kuka, ya tone tsakar gida, ya tauna abin da ya samu. Yana da fara'a, yana son yara, baƙo ma da wutsiya yake tarbarsa, don haka wanda ke neman karen da zai tsorata ɓarawo ya nemi wani. Yana da wayo da taurin kai daidai gwargwado: ya gane abin da kake so sarai, sai dai yakan tsaya ya yi shawara da kansa ko zai yi. Kuma yana buƙatar motsa jiki kullum. Karen da ya yi tafiya ya gaji shi ne ke kwanciya a taje shi. Wanda ya wuni a ɗaure, kokawa za ku yi.

Namiji yakan kai kimanin santimita 57 daga ƙasa zuwa kafaɗa, mace kimanin 53. Nauyin namiji tsakanin kilo 20 ne zuwa 30, mace ba ta kai haka ba. Sukan yi shekara 12 zuwa 14 a duniya. Launinsu fari ne, ko fari mai ɗan sirkin ruwan madara, ko ruwan ƙasa mai haske ƙwarai. Wutsiya a lanƙwashe take bisa gadon baya, kuma in yana barci cikin sanyi da ita yake rufe hancinsa. Murmushin kuma ƙirar baki ce: gefen leɓɓansa ya ɗan ɗaga sama, shi ya sa ba ya dalalar da miyau kamar wasu manyan karnuka.

Gashi iri biyu a jiki ɗaya

Akwai gashin sama, dogo, miƙaƙƙe, mai ɗan kauri da sheƙi. Shi ke tare ruwa da ƙura da zafin rana. Akwai kuma gashin ƙasa, gajere, mai laushi kamar auduga, a cushe. Shi ke riƙe iska a jikin fata ya hana sanyi shiga. Gashin sama yana daɗewa kafin ya zube, kuma a hankali yake tsirowa. Gashin ƙasa kuwa kullum cikin mutuwa da sabuntawa yake. Matsalar ita ce idan ya mutu ba ya faɗuwa ƙasa duka. Yawancinsa yana maƙalewa a tsakanin mai rai, ya tara ƙura da danshi, ya harɗe. Aikin mai gyara shi ne ya fitar da mataccen gashin ƙasa ba tare da ya karya na sama ba. Wannan hanyar ita ce dai ake bi wa sauran karnuka masu gashi iri biyu, irin su Husky da Malamute da Chow Chow da Keeshond da ɗan ƙaramin Pomeranian, bambancin kawai yawan gashi da girman jiki.

Kayan aiki

Ba su da yawa, amma kowanne da aikinsa. Na farko, mataji na ƙarfe mai haƙora masu faɗi a gefe ɗaya, matsattsu a ɗaya gefen. In da za a ce in zaɓi abu ɗaya tak, shi zan ɗauka, domin shi ne alƙali, ba ya ƙarya. Na biyu, buroshi mai dogayen tsinkayen ƙarfe da aka dasa a kan roba mai laushi. A nemi wanda tsinkayensa suka kai tsawon da za su ratsa gashin, kuma marar ƙwallo a baki, don ƙwallayen nan suna fizgar gashi. Na uku, buroshi mai siraran wayoyi lanƙwasassu, na ƙafafu da bayan kunne da wuraren da suka fara harɗewa. Na huɗu, wani mataji mai mariƙi mai kama da ɗan ƙaramin manjagara, wanda ke yaye gashin ƙasa lokacin babbar zuba. Sai kwalbar feshi da ruwa a ciki, almakashi mai dakusasshen baki, abin yanke farce na karnuka, shamfu na karnuka, tawul uku ko huɗu, da na'urar busarwa mai hura iska da ƙarfi.

Abu ɗaya da zan ce a yi hattara da shi: akwai matajin da ake tallatawa na rage zubar gashi, wanda haƙoransa gajeru ne kuma akwai reza a tsakaninsu. Yana cika hannu da gashi nan da nan, mutum ya ga kamar ya yi aiki. A jikin kare mai dogon gashi irin wannan, wani kaso na abin da ya ciro lafiyayyen gashin sama ne da ya yanke. Bayan 'yan makonni sai ka ga gashin ya yi gutsi-gutsi, sheƙin ya tafi.

Taza layi-layi

Nan ne zan fi daɗewa, don wanda ya iya wannan ya iya kusan komai.

Ka fara da wuri. Ka samu tebur mai ƙarfi ka shimfiɗa abin da ba ya santsi, ko ka zauna a ƙasa a kan tabarma. Ka kwantar da karen ta gefe ɗaya. In bai saba ba, kada ka danne shi. Ka lallashe shi da ɗan abin tauna, ka shafa cikinsa, ranar farko ka yi minti biyar ka sake shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, shi ya sa ake fara saba wa kwikwiyo da mataji tun gashinsa bai kai abin tajewa ba, ana taɓa ƙafafunsa da kunnuwansa da wutsiyarsa har ya daina ɗaukar abin a matsayin faɗa.

Kafin buroshi, hannu. Ka bi jikinsa da yatsu tun daga kai har wutsiya, kana lalube. Kana neman curin gashi, kaska, ƙurji, kumburi, ƙaya ko ƙarangiyar da ta maƙale. A jikin kare mai irin wannan gashi ido ba ya ganin komai, kaska za ta sha jini ta ƙoshi ba a sani ba. In ka ga wasu baƙaƙen ɗigo kamar garin barkono a gindin gashi, musamman wajen gindin wutsiya, ka ɗora su a kan jiƙaƙƙiyar farar takarda. In sun narke sun yi ja, kashin ƙuma ne.

Yanzu ka koma ƙasan ƙafar baya. Daga ƙasa ake farawa a yi sama, daga baya a yi gaba. Ka sa tafin hannun hagu ka ture gashin sama, ka danne shi, har sai ka ga fata ta bayyana a layi ɗaya, kamar tsagar da mai kitso ke yi. Ka fesa ruwa kaɗan, feshi ɗaya ko biyu, don busasshen gashi yana karyewa kuma yana tashi yana manne wa buroshi. Da hannun dama ka sa buroshi a daidai layin nan, ka janyo ɗan gashi kaɗan daga ƙarƙashin hannun hagunka, ka taje shi ƙasa, daga gindi zuwa baki. Ka maimaita har buroshi ya daina cijewa. Sai ka matsar da hannun hagu sama da kamar faɗin yatsa biyu, ka buɗe sabon layi, ka sake. Haka za ka yi ta hawa, layi bayan layi, cinya, ƙugu, haƙarƙari, kafaɗa, wuya. Ka gama gefe ɗaya, ka juya shi.

Nauyin hannu fa? Ka gwada buroshin a cikin damtsenka. Abin da ya yi maka zafi zai yi masa. Fatar Samoyed a ƙarƙashin gashin nan ba ta da kauri, in aka yi ta gurzar wuri ɗaya da buroshin waya sai ta yi ja ta saɓule. Buroshi ya taɓa fata ya wuce, kada ya karce ta.

Duk inda ka gama, ka kira alƙali. Ka sa matajin ƙarfe ta gefen haƙora masu faɗi, ka nutsa shi har fata, ka ja. In ya wuce sumul, wurin ya gamu. In ya tsaya, kada ka fizga. Ka cire shi, ka koma da buroshi, ka sake gwadawa. Sau da yawa za ka rantse ka gama wuri, mataji ya ce da sauranka.

Akwai wuraren da suka fi ko'ina harɗewa, kuma su ne mutane suka fi tsallakewa domin kare ba ya son a taɓa su: bayan kunnuwa, inda gashin ke da laushi kamar siliki, hammata, ƙarƙashin wuya inda abin wuya ke gurza, tsakanin cinyoyi, da tulin gashin nan na bayan cinya mai kama da buje. Ni da su nake farawa idan na ga karen ba shi da haƙuri ran nan, domin gadon baya ko an bar shi kwana uku ba abin da zai same shi. Wutsiya kuwa a bi ta da lallashi, da buroshin tsinke kawai, don gashinta yana daɗewa kafin ya mayar da abin da aka tsinke.

Cikakkiyar taza irin wannan takan ci awa guda ko fiye a jikin babban kare. Ba dole ne a yi ta a zama ɗaya ba. Yau gefen dama, gobe na hagu, ba laifi. Sau biyu ko uku a mako ya isa a lokacin da ba ya zuba sosai.

Idan gashi ya riga ya dunƙule

Ƙaramin curi da yatsu ake fara tsefe shi. Ka kama gindinsa da yatsu biyu a jikin fata, yadda jan da za ka yi zai tsaya a hannunka bai kai ga karen ba. Ka fesa ruwan laushin gashi na karnuka, ko ka barbaɗa ɗan garin sitaci ka murza, yana sa gashin ya yi santsi. Sai ka yi ta yage curin gida-gida, ka sa bakin mataji, haƙori ɗaya ko biyu na ƙarshe, kana tsefewa daga bakin gashi kana matsowa gindi. Wanda ya fara daga gindi ƙara ɗaure ƙullin yake yi.

Curin da ya ƙi tsefuwa ana tsaga shi a tsaye, wato almakashi ya bi tsawon gashin daga wajen fata ya yi waje, a raba shi biyu ko uku, sannan a tsefe. Abin da ba a yi shi ne a ɗaga curi a datse shi a kwance daga gindi. Idan ka ja curi, fata tana biyo shi ta shige ciki, kai kuma ba ka gani. A bayan kunne da hammata aka fi yin wannan ɓarna, garin neman gira a rasa ido. In dole sai an yanke, a zura mataji tsakanin fata da curin, a yanka ta saman matajin. In kuwa dunƙulewar ta mamaye wuri mai faɗi ta manne da fata kamar kirgi, kada ka azabtar da dabba da sa'o'i na fizga. Ka kai shi ga mai sana'ar gyaran karnuka ko likitan dabbobi.

Wanka

Dokar farko: ba a jiƙa gashin da ba a taje ba. Na taɓa yin wannan kuskuren. Kare ya dawo daga yawo ya yi buɗu-buɗu, na ga dare na yi, na ce bari in wanke shi gobe na taje. Washegari 'yan ƙananan curin da ke bayan kunnensa sun haɗe sun zama dunƙule guda mai tauri kamar an saƙa. Ruwa da cuɗawa haka suke yi wa mataccen gashi, su matse shi. Abin da minti goma za su gyara sai da ya ci mini yamma biyu.

Samoyed ba ya buƙatar wanka a kai a kai. Ba shi da ƙarnin nan da aka san karnuka da shi, kuma in ya shiga taɓo, ka bar shi ya bushe, ka taje, yawancin dattin zai kakkaɓe da kansa. Wanka ɗaya a wata ɗaya da rabi zuwa wata biyu ya wadatar, sai fa in ya yi birgima cikin wani abu mai wari. Yawan wanka yana wanke maiƙon da fata ke fitarwa, ta bushe, ƙaiƙayi ya biyo baya.

Ruwan ya zama mai ɗumi-ɗumi, wanda gwiwar hannunka za ta ji daɗinsa. Ka ɗan toshe kunnuwansa da auduga, ba can ciki ba. Jiƙa shi kaɗai aiki ne, domin gashin sama an halicce shi ne don ya kore ruwa. Za ka yi ta kwarara ruwa yana gangarewa, ƙasa a bushe ƙamas. Ka manna bakin mesa a jikinsa, kana buɗa gashin da ɗaya hannun, har ka ji fata ta jiƙe. Shamfu na karnuka za ka sa, ba naka ba, ba kuma sabulun wanki ba, don fatar kare ba irin ta mutum ba ce, abin da ya dace da kanka zai busar da tasa. Ka tsarma shi da ruwa a cikin kwalba gwargwadon yadda aka rubuta a jikinsa, ya fi saurin ratsawa ya kuma fi sauƙin ɗaurayewa. Ka matsa kumfar cikin gashi kana bin kwanciyarsa. Kada ka yi ta murza shi da'ira-da'ira kamar mai wanke tsumma, harɗewa zai yi. Fuska a bar ta sai ƙarshe, a goge da jiƙaƙƙen ƙyalle.

Ɗauraya ta fi sabulu muhimmanci. Ka ɗauraye har ruwa ya fito garau, sannan ka sake ɗaurayewa kamar ba ka yi ba, musamman ƙirji da hammata da ƙarƙashin ciki inda kumfa ke taruwa. Ragowar shamfu a gindin gashi ita ke sa kare susa kwana biyu bayan wanka. Wuraren da suka yi rawaya saboda lasa ko fitsari, akwai shamfu na farin gashi mai launin shuɗi ko shunayya da ke rage su. Ruwan bilic kuwa ko kusa kada ya zo jikin dabba.

Busarwa

Rabin wankan ke nan, ko fiye. Ka bar shi ya girgije, ka cire audugar kunne, ka sa tawul kana dannawa kana matsewa, ba gogewa ba. Tawul ɗaya ya jiƙe ka ɗauki wani. Sannan na'ura. Irin ta masu gyaran karnuka ƙarfin iska take aiki da shi ba zafi ba, tana tunkuɗe ruwan daga gindin gashi ta watso shi waje, tare da mataccen gashin da ya saura, don haka a yi a inda za a iya sharewa. Ka fara da ƙaramin ƙarfi daga ƙafafun baya har ya saba da ƙarar. Ka riƙe bakin na'urar kusa da jiki kana tafiya a hankali. Za ka ga gashin ya buɗe kamar fure, fata ta bayyana a tsakiya, wannan kuma dama ce ta duba lafiyar fatar ko'ina. In ka ga bakin gashi yana nannaɗewa yana ƙullewa, ka ja na'urar baya kaɗan. Kada ka hura cikin kunne ko ido. In na'urar busar da gashin mutane kawai gare ka, ka sa ta a sanyi ko ɗumi mafi ƙanƙanta, hannunka kuma yana wurin kullum don ka ji abin da yake ji.

Yaushe ya bushe? Ba lokacin da sama ya bushe ba. Ka tura yatsu har fata a bayan kunne, ƙirji, hammata da bayan cinya. In ka ji sanyi-sanyi, da sauran ruwa. Danshin da aka bari a ƙarƙashin gashi mai kauri, musamman lokacin zafi, yana iya zama wani jan gyambo mai ruwa da ke faɗaɗa cikin kwana ɗaya, kare yana lasa yana ƙara ɓata shi. Wannan na likita ne. Busar da babban Samoyed kan ci awa ɗaya zuwa biyu ko da na'ura mai kyau, saboda haka da safe ake wankan, ba da magariba ba. Ya bushe, ka sake bin sa da taza layi-layi. A nan ne kwalliya ke biyan kuɗin sabulu.

Maganar aski

Duk mai irin wannan kare sai an ce masa, ba ka tausayin dabbar nan, ka aske shi mana ya sha iska. Niyyar mai kyau ce, shawarar ce ba ta yi ba. Kare ba ta fatar jiki yake fitar da zafi kamar mu ba. Da haki yake sanyaya jikinsa, sai ɗan gumi a tafin ƙafa. Gashin sama inuwa ce gare shi. Ka aske, ka bar fata mai launin hoda a fili, rana ta ƙone ta, ƙwari su samu hanya. Sannan in gashin ya tashi dawowa, na ƙasa ne ke riga fitowa domin ya fi sauri, na sama yana baya. Sai a samu gashi mai kama da auduga, marar sheƙi, mai kama datti, mai saurin dunƙulewa. A wasu karnukan ma wani wurin yakan yi watanni bai tsiro ba. Aski sai in likita ya buƙata don aiki ko magani, ko dunƙulewa ta kai inda ba makawa.

Abin da ke rage masa zafi shi ne a fitar da mataccen gashin ƙasa iska ta samu hanya, a ba shi inuwa da ruwan sha da wuri mai sanyi, a mayar da yawo sassafe da bayan faɗuwar rana. Wannan fa karen ƙanƙara ne, wanda zai ajiye shi a ƙasa mai zafi ya san ya ɗauki nauyi. Zafin jikin kare na yau da kullum tsakanin digiri 38 ne zuwa 39 da 'yan kai. In ka ga haki ya yi tsanani, harshe ya zazzago ya yi ja wur, yana tangaɗi ko amai, ka kai shi inuwa, ka jiƙa cikinsa da ƙafafunsa da ruwa mai sanyi, ka nufi likita ba tare da jira ba. Kuma ba a barin sa cikin mota a rufe ko na minti kaɗan.

Inda almakashi ke da aiki kaɗan ne: gashin da ke tsirowa tsakanin tafin ƙafa, a daidaita shi da tafin don kada ya riƙa zamewa a kan daɓe mai santsi, gashin bayan ƙafa daga diddige zuwa ƙasa, a ɗan daidaita, sai kewayen dubura, a rage kaɗan saboda tsabta. Gashin baki a bar masa abinsa.

Farce, kunne, haƙori

In kana jin ƙwas-ƙwas idan yana tafiya a kan siminti, farce ya yi tsawo. Duk mako uku ko huɗu a rage. A cikin farce akwai jijiya mai jini. A farin farce ana hango ta ja-ja, sai a tsaya kafin a kai gare ta. A baƙin farce ba a gani, sai a riƙa cire kaɗan-kaɗan. In an yi kuskure jini ya fito, a danna hodar tsayar da jini ko garin sitaci a wurin na ɗan lokaci. Kada a manta da ɗan farcen nan na gefen ƙafa da ba ya taɓa ƙasa. Gashi yana ɓoye shi, yana iya lanƙwashewa ya shige nama.

Kunnuwansa a tsaye suke, iska na shiga, ba su cika ba da wahala ba. A duba su mako-mako, a goge inda ido ke gani da auduga da ruwan wanke kunne na karnuka, kada a zura tsinke. Wari, ja, ko yawan girgiza kai alama ce ta a ga likita. Haƙora 42 ne a bakin babban kare, a goge su da man goge baki na karnuka. Na mutane ba ya yi, domin kare haɗiyewa yake, kuma wasu suna ɗauke da sinadarin zaƙi na zailitol wanda guba ne gare shi.

Tunda hannunka na jikinsa kullum, kai ne za ka fara lura da canji. An san irin da ciwon ƙugu, ciwon suga, wasu cututtukan ido, da wata cutar ƙoda ta gado da ta fi tsanani a maza. Yawan shan ruwa da fitsari, rama da gashi ke ɓoyewa, ɗingishi, ko gashi ya riƙa zubewa ya bar fili, duk ba na mataji ba ne.

Lokacin babbar zuba

Sau ɗaya ko biyu a shekara gashin ƙasa yakan saki gaba ɗaya. Maza galibi sau ɗaya, mata sau biyu, kuma macen da ta haihu takan zubar har ka yi zaton ba ta da lafiya. Tsawon rana ne ke motsa abin, shi ya sa karen da ke zaune cikin ɗaki ƙarƙashin fitila, ko a ƙasar da dare da rana ba sa bambanta sosai, yakan yi ta zuba kaɗan-kaɗan duk shekara. Wanda aka yi wa fiɗiya kuma gashinsa yakan ƙara kauri da laushi, ya ƙara neman taza.

Za ka gane ta fara idan ka ga tuttun gashi suna leƙowa a cinya da kafaɗa, ka ja da yatsa biyu su fito ba tare da ya ko waiwayo ba. Daga ranar, taza ta koma kullum. Ka fara da ɗan manjagaran nan, kana bin kwanciyar gashi da gajeren ja, ba dannawa, sannan layi-layi, sannan mataji. Wanka da ruwan ɗumi a tsakiyar zubar, bayan an taje, yana saki abin da ya rage, na'urar busarwa ta fitar da shi. Abin da za ka tara zai cika jaka har ka yi mamakin inda karen ya saura. Wasu ba sa zubarwa, kaɗa shi suke yi ya zama zare su saƙa hula da safar hannu, kuma yana da ɗumi ƙwarai.

Zubar takan ɗauki mako biyu zuwa huɗu. Bayanta karen zai yi kamar ya rame, wuyansa ya sirance, har wani ya tambaye ka ko ciwo ya yi. Ka sa mataji a bayan cinya da ƙirji. Ranar da ka bi jikinsa duka abin da ya fito bai cika tafin hannu ba, ka ajiye manjagara, ka koma taza biyu ko uku a mako.